Sababbin Ƙafafun Keken Izzuddeen

"Wallahi akwai bambanci, Malam Nata'ala!" in ji Izzuddeen, yana tsayar da kekensa mai giya a bakin rumfar gyara. "Tun da ka sauya min ƙafafun nan, hawan bayan duwatsu nake hayewa kamar ana tura ni."

Mai gyaran ya nuna bango. Sababbin ƙafafun na rataye, ko ledarsu ba a cire ba.

"Ba su yi daidai ba, ɗana. Tsofaffin na goge, na sa musu sabuwar taya. Na manta ban gaya maka ba."

Wani mai dabino da ke gefe ya yi dariya. "Ai dama ba ƙafa ba ce. Dattijon nan ne mai jar dara, mai ɗingishi, da ke riƙe maka kariyar bayan keke kullum."

Haka baban Izzuddeen ya riƙe masa kariya yana ɗingishi, lokacin da yake koya masa keke. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa.

Mai dabino ya leƙa bayan keken. "Sannu, Baba. Ai kwa saki ku huta."