Mai Yi wa Motar Mainasara Asiri

Karo na uku ke nan Lawali mai wayarin yana cusa kansa ƙarƙashin sitiyarin motar Mainasara, ƙafafu a waje kamar akuyar da ta faɗa rumbu. Da ya fito sai ya ɗaga akwatin fis, mahaɗar wayoyin wutar motar, sama. Akwatin ya yi kore shar, tsatsa ta cinye shi kamar daga rijiya aka tsamo shi.

"Mainasara," in ji Lawali, "sati uku ke nan da na sa maka wanga akwati. Cikin gulbi kake kwana da motar?"

Motar dai bas ce tsohuwa, ta marigayi mahaifinsu. In za a faɗi gaskiya, ta girmi Mainasaran kansa. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, hon ɗinta kuma sai ka ce jaki mai mura. Amma da ita yake jigilar albasa da mutane tsakanin Bodinga da Shagari, kuma kujerar direba har yanzu tana da lotsawar zaman ubansa. Yana son abarsa, bawan Allah.

Yayansa Ummaru kuwa ya gaji. Ya riga ya yi magana da masu sayen tsoffin ƙarafa, ya kuma yanke hukunci gaban kowa: in motar ta sake mutuwa kafin watan nan ya ƙare, gatari za a sa mata.

Akwatin farko, babu wanda ya yi mamaki. Shekara talatin yana wurin, ko mutum ne ya gaji. Ranar da aka canza shi har sai da Mainasara ya kamo hannun mahaifiyarsa, Inna Dije, ya nuna mata sabon, ya ce nan ne ran motar yake. Ta leƙa, ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya tsare shi daga bakin mutane.

To, amma na biyu wata guda ya yi. Na uku ko wata bai kai ba. Nan Mainasara ya ce wannan ba ciwon mota ba ne, da hannun mutum a ciki.

Bai sha wahalar samun mai laifi ba. Akwai wani Hamza a tasha, mai sabuwar bas, wanda ya taɓa dafa motar ya ce, "Wagga tsohuwa har yanzu tana numfashi?" Kuma bai ce tubarkalla ba. Mainasara ya daina gaishe shi. Hamza bai ma lura ba, abin da ya ƙara tabbatar wa Mainasara cewa mutumin ƙwararre ne.

Sai ya ɗana tarko. Ya kwaso tokar murhu ya barbaɗa kewaye da motar, don duk wanda ya zo ya bar sawu. Da safe ya tsuguna yana karantar ƙasa. Ga sawun kaji, ga silifan Inna da ke kai wa dabbobi dusa, ga kuma sawun ragon gidan, ya zagaya motar har sau biyu.

Mainasara ya je ya tsaya gaban ragon. Ya dube shi, ragon ya dube shi yana tuƙa. Sun daɗe a haka. Kuma wallahi in ka ƙura ido, akwai wani abu na Hamza a gefen bakin ragon nan.

Ya ɗaure shi can bayan rumbu da igiya biyu. Matarsa Halima ta biyo shi tana mitar cewa gishirinta ba ya auki kwanan nan, ya ce ta ƙyale shi, shi ana son kashe masa mota ita tana zancen miya.

Lawali ya sa akwati na huɗu, ya nannaɗe shi da leda. A satin ne aka yi haihuwa a Dingyadi, Inna ta tafi zaman jego, gida ya yi shiru.

Ikon Allah, mota ta miƙe. Sati ɗaya, biyu, uku, ko tari ba ta yi ba. Kullum Mainasara sai ya buɗe akwatin ya duba, fes da shi kamar haƙorin amarya. In ya wuce ta bayan rumbu sai ya harari ragon ya ce, "Na gane ka." A tasha kuwa ya koma gaishe da Hamza, irin gaisuwar wanda ya ci nasara.

Saura kwana ɗaya wata ya ƙare, Ummaru ya ce shi da kansa zai shiga motar zuwa Shagari, in ta kai shi ta dawo da shi, magana ta mutu. Da la'asar Inna ta dawo daga Dingyadi da ƙullin tsarabarta. Mainasara ya ba ta labarin ragon tun daga farko. Ta saurara, ta ce duniya abin tsoro.

Washegari da hantsi Mainasara ya goge gilashi, ya shimfiɗa wa yayansa buzu a kujerar gaba. Ummaru ya zauna yana gyara babbar riga. Mainasara ya yi bisimilla ya murɗa makulli.

Shiru.

Ya sake murɗawa. Ko ƙyas. Ummaru ya fara tattara rigarsa. Sai Mainasara ya ji wani abu mai sanyi yana ɗiga masa a kan babban yatsan ƙafa. Ya sunkuya, ya ga ledar Lawali a yage, ganyen magarya manne da waya.

Inna Dije ta leƙo ta taga, kwano a hannu, fuskarta cike da murna.

"Ku tahi lahiya, ɗiyana, babu bakin da za shi kama ta. Ruwan tofi da gishirin da nika zuba ma ranta kullum, yau na rama mata na sati ukun da ba ni nan."