Mai Awon Inuwa

Tun da aka hana janareta a tsibirin Dogon Yashi, wuta ta koma ta farantan hasken rana, inuwa ta zama laifi. Da hantsi Ɗanjuma mai awon inuwa ya faɗo gidan Malam Tanko da igiyar awo da gatari.

"Darbejiyarka ta rufe kamu biyu na farantin unguwa."

"Haba Ɗanjuma! Ladidi ba ta iya tafiya, a gindinta take wuni. Ɗaki kamar tanda."

"Sai mu zauna ba wuta saboda 'yarka? Kauce!"

Kafin azahar bishiyar na ƙasa. Tanko ya tsaya kan 'yarsa, ya baza babbar riga yana tare mata rana.

Da la'asar Ɗanjuma ya dawo, ya dubi inuwar Tanko, ya warware igiya.