Jajayen Ƙyallaye

"Mu juya," in ji jagora. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kuma ya san in ruwa ya sauka, kwazazzabon da suka ƙetaro cika yake har baki.

Matafiyan suka bi shi. Hankalinsa kwance, don tun safe yake ɗaura jan ƙyalle a reshe duk inda hanya ta rabu. Amma da suka iso mararrabar farko, wayam, babu ƙyalle. Ya yi canki suka wuce, ta biyu ma haka. Lallai wani ne ya kwance su. Wa ke bin sawunsu a dajin da ko makiyayi ba ya shiga?

"Ku matso kusa," ya ce ƙasa-ƙasa, hannunsa a kan adda. "Ba mu kaɗai ba ne."

Kawu, dattijon da kullum yake can baya, ya iso yana haki.

"Ai na ga alama, ɗana! Kai kana gargaɗi kada a bar shara a daji, wasu marasa tarbiyya kuwa..." Ya zuge jakarsa, cike da jajayen ƙyallaye. "Ko ɗaya ban bari ba."

Ɗigon farko ya sauka.