Sawun Yaya

Motar ta mutu ne a tsakanin ramuka biyu, irin manyan ramukan nan da duwatsun sama suka haƙa a doron duniyar wata tun babu mai gani. Yaya ya leƙa injin, ya ce aikin ya fi ƙarfin sifana. Ya kama hanyar sansani a ƙafa don ya ɗauko ɗaya motar, ya bar Auta da buhunan duwatsun da suka tsinto.

Bai jima da ɓacewa ba agogon iskar da ke hannunta ya fara kuka. Tankin iskar shaƙa da ke bayanta yana yoyo. Ta kira Yaya ta gaya masa.

"Kada ki zauna jirana," in ji Yaya ta rediyo. "Bi sawuna, mu haɗu a hanya. Ko ke da kike ɓata a gidan biki ba za ki ɓata a nan ba."

Ta bi. A duniyar wata babu guguwa, babu ruwan sama, sawu ba ya gogewa. Ramukan ne dai ba su da amana, ƙanana da manya duk kamarsu ɗaya, mutum ya wuce wannan ya rantse shi ne wancan.

A wani fili mai duwatsu sawun ya ɓace mata. Ta yi ta kewaye, numfashinta na cika mata kunne, har ta sake ganinsa can gefen hagu, raɗau, kamar yanzu aka taka.

Takun ya gajarce. Ƙafa ɗaya ma janta ake yi. Ta yi murmushi, ashe Yaya mai cika baki ya gaji. Sawun ya hau gaɓar wani rami, ya gangara ciki, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ta kunna fitilar goshi. Rediyon ya koma shuu, allurar iska ta kwanta a kan ja.

Da ƙyar muryarsa ta ratso.

"Auta! Na zo har jikin matacciyar motar, ban gamu da ke ba. Ina kika shiga?"

"Sawunka nake bi mana, Yaya. Na kusa ƙasan ramin."

"Wane rami? Ni ban shiga rami ba!"

Sai hasken ya faɗa inda sawun ya ƙare. Mutum ne zaune, ya jingina da dutse, ƙafa ɗaya a karye, cikin irin rigar 'yan sama jannatin da aka daina ɗinkawa tun ba a haifi Auta ba.