Alamar da Alwala ta Wanke

"Ku dakata," in ji likitar ga ma'aikatan ɗakin tiyata. "Ina alamar da na zana masa?"

Tsohon telan Unguwar Shanu, wanda za a yi wa tiyata a hannu, ya ce, "'Yata, da sabulu na dirje ta. Ai ruwan alwala ba ya ratsa tawada."

"To Baba, wanne ne ke ciwon?"

Ya ɗaga na dama. Ashe na hagu aka riga aka goge aka shimfiɗe don tiyatar.

Tun ranar ta kafa doka, sai mara lafiya ya gama alwala sannan a zana alama. Farar rigar da take taƙama da ita a asibitin yau kuwa, hannun daman nan ne ya ɗinka mata.