Gashin Bakin Gaspare

Mai aski ya kwashe rabin gashin bakin Gaspare, Ermete na tsaye a kansa yana ƙyaƙyata dariya. Sharaɗin tsofaffin ke nan: wanda fetur ɗinsa ya sha kaye a tseren motocinsu na hawa dutse, a aske masa gashin baki. Motar Ermete kuwa ita ta ci.

"Na gaya maka, suruki, kafireton mota ba ya shan man talakawa irin naka," in ji Ermete. "Tawa motar fetur mai tsada, lamba ɗari, take sha!"

Sai Nives, matar Ermete, ta leƙo.

"Wace lamba ɗari? Jarkar lamba ɗarin ai yayana Gaspare na ara wa. Kai casa'in da biyar na zuba maka, na injin yankan ciyawa."

Gaspare ya miƙe, ya karkaɗe kujerar.

"Zauna, suruki. Man talakawa ne ya ci."