Yatsan da Ba na Waliyyiya Ba

Tun da doka ta ce duk ƙashin waliyyi sai na'ura ta gwada shi kafin a nuna wa jama'a, cocin ƙauyen ya zama kango. Na'urar ta ce ƙashin yatsan da suke durƙusa wa ba na waliyyiya ba ne. Kowa ya koma cocin birni.

Ran Laraba Mama Rahila ta zo da kyandirinta, ta tarar da akwatin gilashin wayam. Fada Istifanus ya fito da ƙashin ƙunshe cikin hankici.

"Mama, an hana mu ajiye shi. Gobe za a zo a tafi da shi."

"To, na wane ne, Fada?"

Ya saci kallon kyamarar hukuma da ke bisa ƙofa, jar fitilarta na ƙiftawa. "Wai na wata mata ce. Ba suna, ba dangi a raye."

Tun rasuwar mijinta, wannan yatsan kaɗai Mama Rahila ke gaya wa damuwarta.

"Ashe ita ma ba ta da kowa." Ta miƙa hannu biyu. "Ba ni ita, Fada. Akwai wuri a ɗakina."